Yadda Nake Haɗa Ferobsikait Mai Ƙarfe Biyar

Ferobsikait (perovskite) wani nau'in tsarin kiristal ne; wanda nake haɗawa okisayid ne na lantanom da wasu ƙarafa biyar. Da La2O3, wato okisayid na lantanom, nake farawa: ka gasa shi a digiri 900 na ma'aunin Celsius kafin awo, domin shan danshi gare shi, sai ya ɓata maka lissafi. Sannan ka auna okisayid na kuromiyam (Cr), manganis (Mn), baƙin ƙarfe (Fe), kobal (Co) da nikel (Ni), kowane ƙarfe kashi 20 cikin ɗari na atam ɗin ƙarafan biyar. Ka haɗa su da La2O3 ɗin, ka niƙa su cikin etanol har garin ya yi laushi. A nan masu gaggawa ke faɗuwa.

Ka ƙona a digiri 1100, ka sake niƙa, ka matse garin ya zama ƙwaya, ka gasa a digiri 1300. Kada ka taɓa na'urar SQUID mai auna maganaɗisu sai gwajin XRD, da ke duba tsarin kiristal da hasken X-ray, ya nuna tsari guda. Maganaɗisun wannan ferobsikait sai a tsananin sanyi yake bayyana, lantarki kuwa in ya ɗau zafi ya fi ratsa shi.