Idan ma'aikatan kididdiga suka yi sallama a gidanka, ga yadda zaka yi

Kwanaki a layinmu an ga samari biyu da wata budurwa rike da tablet, yaron mai unguwa yana nuna musu gidaje, kafin la'asar labari ya karade ko'ina wai masu rubuta sunan tallafi ne suka zo, har wata dattijuwa ta lullube firij dinta da zani don kar a ce tana da hali. Ashe ma'aikatan Hukumar Kididdiga ta Kasa ne, NBS.

Abu na farko, ka nemi ganin katin aikinsu, in ranka bai kwanta ba ka aika gidan mai unguwa a tambaya, don yawanci sai sun biya ta wajen masu unguwa kafin su shiga layi. Duk wanda ya ce ka bashi BVN ko lambar sirrin ATM ko kudin fom, wallahi dan damfara ne, ka rufe kofarka kawai.

Sannan ka sani ba rajistar tallafi bace. Rijistar masu karamin karfi daban take, NASSCO, ofishin gwamnatin tarayya mai tsara shirye-shiryen tallafi, ke kula da ita. Su ma'aikatan NBS gidaje kadan suke zaba su tsaya a madadin sauran, binciken yanayin rayuwar jama'a na 2018 zuwa 2019 gidaje wajen 22,000 ne kacal a duk Najeriya, kaga kenan amsarka daya tana wakiltar dubban gidajen da ba'a shiga ba.

Zasu tambaya mutum nawa ne a gidan, kuma gida a wajensu shine masu kwana wuri daya suna ci daga tukunya daya. In kai da kaninka kuna gidan gado amma kowa da girkinsa to gida biyu ne, kar ka hade.

Inda aka fi samun matsala shine maganar cefane. Ba albashi kadai suke bi ba, sun fi son sanin me aka ci me aka kashe, kwano nawa na masara ko shinkafa cikin kwana bakwai da suka wuce, mai, gawayi, kudin makaranta, kudin magani a kemis, har buhun geron da aka aiko maka daga kauye shima yana cikin lissafi duk da ba siya kayi ba. Anan malam ka bar uwargida ta yi magana da ma'aikaciyar, kai ka ajiye kudin cefane ka fice kasuwa tun safe, ita ta san nawa ta cika daga kudin awara ko kitso ko adashenta, kuma mu maza bama son a ji wannan bangaren, amma shima lissafi ne.

Kar ka kara kar ka rage. Wani don kunya zai ce kullum da nama, wani kuma ya ce rabonsu da dora tukunya kwana uku ko a saka shi a tallafi. Da irin wadannan amsoshin aka fitar da cewa a 2018 zuwa 2019 kashi 40.1 cikin dari na 'yan kasa, mutum miliyan 82.9, suna kasa da layin talauci na naira 137,430 a shekara ga mutum daya, wato ko naira 400 bata cika ba a rana, Kano kuma ta haura kashi 50. Irin alkaluman da gwamnati da Bankin Duniya suke dubawa kenan in za'a tsara tallafi, kuma da bayanan kashe kudin gidaje aka sabunta yadda ake auna hauhawar farashi a farkon 2025.

In sun tambaya ko wani a gidan ya taba karbar tallafi, ko naira 5,000 din zamanin Buhari ko 25,000 din da aka sanar a 2023, fadi gaskiya ko da baka samu ba, ta haka ake gane ko kudin yana isa inda aka ce. Dokar kididdiga ta 2007 ta hana a fitar da bayanan mutum da sunansa, ba masu haraji za'a mikawa ba.

Hirar tana da tsawo, in lokacin sallah ya yi ko kana sauri zuwa kasuwar Kwari ka sa musu lokaci su dawo, suna dawowa.