Yadda ake gyara kwamfutar da in ka kashe ta sai ta sake tashi

Ka danna Shut down, sikirin ya yi baƙi, fanka ta yi shiru, kafin ma ka rufe laptop ɗin ka jefa a jaka sai ga tambarin HP ko Dell ya dawo. Kuma abin haushin, da ka kai ta wajen mai gyara maganar farko ita ce "sai an yi format". Dan Allah kar ka yarda da wuri. Yawanci abu biyu ne, ko dai Windows ɗin ce take faɗuwa a daidai lokacin da take ƙoƙarin kashewa sai ta tada kanta ba tare da ta nuna maka komai ba, ko kuma ta mutu ɗin da gaske amma wani abu ya tashe ta. In matsalar a BIOS take, wato saitunan injin da ke aiki tun kafin Windows ta tashi, ko sau goma aka yi format tana nan, takardunka da hotunanka kawai za ka yi asara.

Fara da cire duk abin da ke maƙale a jikinta, filash, linzami, firinta, modem, wayar intanet, har wayar salularka in tana caji a jiki. Sai ka danne Shift ka riƙe, ka danna Shut down kana riƙe da shi. In ta mutu ta zauna, toh kusan mun kama ɓarawon, Fast Startup ne.

Shi wannan Fast Startup ɗin tun Windows 8 a 2012 aka shigo da shi. Abin da yake yi shi ne in ka ce a kashe, ba ya kashewa gaba ɗaya, sai ya rufe manhajojinka amma ya kwashe zuciyar Windows ɗin da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa sassan injin, ya ajiye a wani fayil mai suna hiberfil.sys don gobe ta tashi da sauri. Kamar mai shayi ne da ya rufe garwashinsa da toka maimakon ya zuba ruwa. Matsalar ita ce in akwai direba ɗaya da bai iya shiga wannan halin ba, musamman a tsofaffin injina da aka ɗora wa sabuwar Windows, sai komai ya rikice ta sake tashi. Cire shi: Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do, sai ka danna Change settings that are currently unavailable don akwatunan ƙasa su buɗe, ka cire alamar da ke kan Turn on fast startup, ka yi Save. In kana da SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, wallahi da ƙyar ma za ka ji bambanci a saurin tashi, ni a ganina kowa ma ya cire shi kawai.

Bai yi ba? Toh yanzu mu tilasta mata ta faɗi abin da ke damunta. Windows an saita ta ne in ta faɗi ta sake tashi da kanta nan take, shi ya sa kake ganin kamar Restart ka danna alhali sikirin kuskure ne, shuɗi ko baƙi, ya gifta ba ka gani ba. Danna maɓallin Windows da R, rubuta sysdm.cpl, shiga Advanced, ƙarƙashin Startup and Recovery danna Settings, cire alamar Automatically restart. Sai ka sake kashewa ka zuba ido. In ta tsaya a kan sikirin kuskure, ɗauki hotonsa da waya. Ɗaya daga cikin waɗanda ake gani a irin wannan shi ne DRIVER_POWER_STATE_FAILURE, wato wani direba ya ƙi amsa umarnin kashewa, galibi na Wi-Fi ko na hoto. Ka je shafin kamfanin da ya ƙera injin, ka saka lambar samfurinka ka sauke direban daga can, ka rabu da waɗannan manhajojin da ke cewa za su sabunta maka direbobi duka a dannawa ɗaya, su ma suna iya jawo rigimar. In kuma bayan sabunta wani direba ne abin ya fara, Device Manager, inda Windows ke jera sassan injin da direbobinsu, yana da Roll Back Driver da zai mayar da tsohon direban.

Masu son tabbatarwa su danna maɓallin Windows da R su rubuta eventvwr.msc, su shiga Windows Logs, System, su duba daidai lokacin da abin ya faru. Lamba 1074 tana nuna wace manhaja ce ta nemi a kashe ko a sake tayarwa, 1001 na BugCheck faɗuwa ce, 41 kuma na nufin ta tashi ba tare da ta kashe yadda ya kamata ba.

In babu alamar faɗuwa ko ɗaya, wani ne ke tashinta. A Device Manager buɗe Network adapters, shiga Properties na katin intanet, Power Management, cire Allow this device to wake the computer. Daga nan sai BIOS, kuma a nan ne masu injinan tokumbo ya kamata su nutsu, domin da yawansu daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito inda ake saita su yadda za a iya kunna su daga nesa. F2 a Dell, F10 a HP, F1 ko F2 a Lenovo, kana dannawa tana fara tashi. Nemo Wake on LAN, wato kunna injin ta wayar intanet, ka kashe. Sannan akwai wanda Dell ke kira AC Recovery, HP kuma After Power Loss, in yana kan Power On duk lokacin da wuta ta ɗauke ta dawo injin zai kunna kansa, kuma ka san halin NEPA da sauyawa zuwa janareta, sai ka rantse aljanu ne. Mayar da shi Off. In ka saita ka dawo washegari ka ga ya koma yadda yake, agogo ma ya ɓace, batirin CMOS, wanda ke riƙe saitunan BIOS da agogo, ne ya mutu, ɗan zagayayyen nan CR2032, ba tsada.

Masu Windows 11 da sai sun zaɓi Update and shut down ne kawai take musu haka, wannan laifin Microsoft ne, kuma sun fitar da gyaransa a ƙarshen Oktoban 2025, ku sabunta kawai.

Duk an yi wannan tana nan? Gwada kashe ta daga Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da abubuwan dole kawai. In ta mutu lafiya a can, wata manhaja ce, fara da cire anti-bairos na biyu in kana da guda biyu. In ko a Safe Mode ma tashi take yi, lokacin zuwa wajen mai gyara ya yi, amma ka ce masa ya duba maɓallin kunnawa ko ya maƙale, da wayar maɓallin Reset a kan madabod, da akwatin wuta in desktop ce.