Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen cike takardar tambayoyin barci

Duk zangon da ɗaliban kiwon lafiya suka zo mana koyon aiki a nan Zariya, sai an sami wanda ya ɗauko binciken matsalar barci, ya sauko da takardar tambayoyi daga intanet, ya bi layin marasa lafiya yana rabawa kamar katin ɗaurin aure. Fuskokin ɗaliban suna canzawa, kurakuran kuwa suna nan yadda suke, ni kuma bakina ya gaji.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne a tsare mutum shi kaɗai ana tambayarsa abin da yake yi alhali yana barci. Ku duba STOP-Bang, wadda Frances Chung da abokan aikinta suka fitar a Kanada a 2008 don tace masu ɗaukewar numfashi cikin barci. Tambayoyi takwas ne na e ko a'a, biyu daga ciki kuma su ne: kana minshari mai ƙarfi? An taɓa ganin numfashinka ya tsaya kana barci? To ina zai sani? Ga kuma kunya. Dattijo mai rawani daga cikin birni ba zai zauna gaban yarinya sa'ar jikarsa ya ce yana minshari ba. Zai ce, "Lafiya lau nake barci, 'yata," a rubuta masa sifili, a wuce.

Na taɓa zubar da aikin wata da watanni saboda wannan. Tarin takardu aka kawo min, magidanta masu ƙiba da hawan jini, kusan kowa ya amsa a'a. Da muka sake kiran wasu tare da iyalinsu, sai ga wata Hajiya tana cewa ita har girgiza Alhaji take yi da dare, don sai ya yi shiru kamar rai ya yi halinsa, sannan ya farka da shaƙewa. Shi kuwa ya rantse bai san an yi ba, kuma ba ƙarya yake yi ba. Tun daga nan ba na karɓar takardar da ba a ji ta bakin abokin kwana ba. In mai mata biyu ne, a tambayi kowacce, a keɓe, ba a gabansa ba. In ɗalibi ne a Samaru ko Kongo, a tambayi abokin ɗakinsa. Kaurin wuya kuma, wanda shi ma yana cikin tambayoyin STOP-Bang, aunawa ake yi da tef irin na tela, a ga ko ya haura santimita 40. Ba da ido ake kintata ba.

Na biyu, kuma a nan nake ɗaga murya: maki ba hukuncin likita ba ne. Takardar Epworth, wadda Murray Johns ya wallafa a 1991 a Ostiraliya, tana tambayar yiwuwar mutum ya yi gyangyaɗi a yanayi takwas, kowanne maki 0 zuwa 3, jimla 24, abin da ya haura 10 kuma yana nuna yawan gyangyaɗi da rana. Iyakarta ke nan. Ba ta faɗin dalili. Mai gadin dare, da uwa mai goyo, da mai ɗaukewar numfashi duk za su iya tashi da maki ɗaya. Amma sai ka ji ɗalibi ya dubi direban da ke lodi a Kwangila ya ce, "Malam, kana da cutar barci." Wa ya ba ka wannan hurumin? Ko dai ka tsorata shi, gobe ya ɓoye gaskiya don kada a raba shi da mota, ko ya zarce kemis ya sayi ƙwayar sa barci, wadda in numfashinsa na ɗaukewa ne za ta iya ƙara masa illa. Haka kuma ƙaramin maki a Epworth bai wanke kowa ba, don akwai masu wannan larura da ba sa gyangyaɗi. Mai maki 3 zuwa sama a STOP-Bang ni likita nake tura shi, can a yanke ko yana bukatar gwajin kwana da na'urori a jiki.

Sai lokaci. PSQI, takardar auna ingancin barci ta jami'ar Pittsburgh, ta 1989, barcin wata guda da ya wuce take tambaya, makinta kuma daga 0 zuwa 21. Ka raba ta bayan ƙaramar salla, mutane sun sha tashin sahur da tahajjud, ko a zafin Afrilu babu wuta ga sauro, kusan kowa zai haura 5, makin da ke nuna rashin ingancin barci, ka zo kana murnar ka gano annoba. Ni ba na rabawa sai wata ya cika bayan azumi, kuma ina rubuta watan a saman kowace takarda.

Gajiya daban, jin barci daban. Manomin da ya wuni a gona ya gaji ne. Tambayi ko idonsa na rufewa ba da sonsa ba.

Kada a bar gurbi. In Baba ba ya karatu ko kallon talabijin, a ce ya ƙiyasta yadda zai kasance, haka umarnin takardar Epworth ya ce. Tambayar zaman awa guda a mota kuwa, ka ce masa tafiya Kaduna, nan take zai gane. Wadda ta ambaci giya, yi masa bayani da ladabi kafin ka karanta, in ba haka ba hirar ta ƙare.

Wanda bai iya karatu ba, a karanta masa yadda aka rubuta, ba tare da "ai ba ka yi, ko?" ba. Kuma a gefen takarda ina sa a rubuta min goro nawa yake ci, shayi ko kofi sau nawa, da duk maganin da yake sha, har da wanda ya saya a tasha.