Wutar da ba ta ɗauke ba kuma ba ta cika ba: kurakuran da aka fi yi wajen gano matsalar lantarki a tashar nukiliya

Har yau Najeriya ba ta da tashar nukiliya mai ba da lantarki. Abin da muke da shi shi ne ƙaramin injin bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wanda ya fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30. Duk da haka ɗalibanmu na lantarki da fiziks a nan Sakkwato suna karanta fannin, kuma yawancin kurakuran da suka jefa manyan tashoshin duniya cikin haɗari su ne dai ke ƙona moto a gidan ruwa da ɗakin injin asibiti.

Kuskuren farko yana cikin tunani. Mutane da dama suna ɗauka cewa da zarar an kashe tukunyar nukiliya, shi ke nan. Ba haka ba ne. Makamashin da ke ciki yana ci gaba da fitar da zafi: kusan kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari na cikakken ƙarfinsa a daƙiƙun farko, kamar kashi 1.5 bayan awa ɗaya, kamar rabin kashi ɗaya bayan kwana guda. A tukunya mai zafin megawat 3,000, wannan yana nufin wajen megawat 200 nan take, da kimanin 15 washegari. Famfunan ruwa ne ke kwashe wannan zafi, su kuwa da lantarki suke juyawa. Saboda haka tashar da ta daina bai wa gari wuta, ita kanta tana cikin tsananin buƙatar wuta.

Kuskure mafi muni, a ganinmu, shi ne yarda da mita saboda ta nuna akwai wuta. Duk mazaunin Sakkwato ya san ranar da layi ɗaya ya ɗauke a unguwa, wani gida da haske, na kusa da shi da duhu. A gida ana gane wannan da ido. A tashar nukiliya kuwa taransfoma na iya ɓoye shi. Idan waya ɗaya cikin uku ta katse a gefen babban ƙarfi, yanayin naɗin taransfomar da ƙarfen cikinta na iya sake haifar da ƙarfin layin da ya ɓace a ɗaya gefen, musamman in ba ta ɗauke da kaya. Taransfomar ko-ta-kwana kuma kusan kullum a zaune take ba kaya. Sai mita ta nuna komai daidai, har ranar da aka ɗora mata famfuna. A tashar Beaver Valley ta Amurka, a 2007, layi ya yi kwana 26 a katse kafin a gano.

Abin da ya farkar da masana shi ne na rukuni na 2, wato tukunya ta biyu, a tashar Byron, jihar Ilinoi ta Amurka, ranar 30 ga Janairun 2012. Insuleta ta tangaran, wato abin da ke riƙe waya yana hana wuta bi ta ginshiƙi, ta karye a filin wayoyi masu kilobolt 345, layin C ya katse (ana kiran layukan uku A, B da C). Na'urorin kariya biyu ne ke gadin wutar famfunan tsaro, masu sanyaya tukunya: ɗaya tana auna tsakanin A da B, ɗaya tsakanin B da C, kuma an tsara cewa sai dukansu sun ga faɗuwar ƙarfi sannan a yanke layin waje a tayar da janareta. Mai auna A da B ba ta ga komai ba. Don haka janaretocin suka zauna shiru, famfuna kuma suka riƙa mutuwa saboda jan wuta fiye da kima. Sai da aka yi kusan minti 8 ma'aikata suka gane, suka buɗe bireka da hannu, janaretocin suka tashi. A shekarar da ta biyo, rukuni na 3 na tashar Forsmark a Suwidin ya ga irinsa, inda layi biyu suka buɗe ɗaya ya rage.

Gyaran nan sassa uku ne. A auna dukkan layukan uku, kuma a gefen babban ƙarfi na taransfoma, ba a gefen da take iya ɓoye laifi kawai ba. A sa na'urar da ke gano rashin daidaito tsakanin layuka, mai ƙararrawa a ɗakin sarrafawa, domin mai gadin faɗuwar ƙarfi aikinta daban ne. Sannan a mayar da zagayen filin wayoyi da ƙafa wajibi a kowane zubin aiki, a ɗaga kai a dubi kowace mahaɗa, lokaci-lokaci kuma a bi su da kyamarar gano zafi.

Ga yadda ake lissafin rashin daidaiton, kuma kowane mai gyara zai iya yi da mitar hannu. A ce an auna bolt 415 da 410 da 390. Matsakaicinsu 405. Wanda ya fi nisa da shi shi ne 390, tazarar 15. A raba 15 da 405, ya ba da kashi 3.7. Ƙaramin adadi ne a ido, amma rashin daidaiton ƙarfi na kashi 1 kan jawo na jan wuta ninki 6 zuwa 10. Dalili shi ne wani ɓangare na maganaɗisun cikin moto yana juyawa ta baya, yana dafa ƙarfen da ke juyawa. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce a ninka adadin da kansa sannan a ninka biyu, wato a misalinmu ƙarin zafi na kusan kashi 27. In ya wuce kashi 5, kada a bar moto yana aiki.

Daga nan ne kuskure na gaba yake fitowa: moto ya mutu, a mayar da kariyarsa a sake kunnawa. In guda ɗaya ne, mai yiwuwa laifinsa ne. In biyu ko uku suka mutu a lokaci guda a kan layin rabo ɗaya, laifin na wutar ne, kuma kowace sake kunnawa ƙara gasa naɗin waya take yi. Abin yi shi ne a karanta ƙarfin layukan uku ɗaya bayan ɗaya, in sun saɓa a yanke wutar waje da hannu domin janareta ya karɓa. Dole a rubuta wannan a takardar aiki kuma a yi atisayensa, don ba ƙaramin abu ba ne mutum ya yanke wutar da yake gani a mita.

Wuta marar ƙarfi ma haka take. Na'urar da aka saita ta yanke a wajen kashi 70 na cikakken ƙarfi ba za ta motsa ba in ƙarfi ya tsaya a 85, alhali moto na shan wahala. Tun faɗuwar ƙarfin wuta da ta faru a tashar Millstone ta Amurka a 1976 ake ƙara mataki na biyu a wajen kashi 90, da ɗan jinkiri don kada tashin babban famfo ya ruɗe ta.

Sai janareta. Ana son na gaggawa ya tashi ya kai cikakken gudu cikin kamar daƙiƙa 10, da man dizal na mako guda a tanki. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tayar da shi, a ji ƙararsa, a rubuta lafiya lau. Injin dizal da ke yawan gudu ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa yana tara ɗanyen mai da baƙin toka a salansa. Gwajin gaskiya shi ne a ɗora masa kaya na aƙalla awa ɗaya kowane wata, da dogon gudu na awa 24 lokacin babban gyara. Kuma kada a buɗe wani janareta don gyara ba tare da an killace hanyar wutar da ta rage ba. A tashar Vogtle ta Amurka, ranar 20 ga Maris 1990, taransfoma ɗaya da janareta ɗaya suna hannun masu gyara, sai motar mai ta ja da baya ta bugi ginshiƙin layin da ya rage, janareta na biyu ya tashi ya mutu. Minti 36 ba wuta, ruwan tukunya ya hau daga digiri 32 zuwa 58.

Yawan janareta ba ya amfani in abu ɗaya zai iya kashe su duka. A tashar Fukushima ta Japan, 11 ga Maris 2011, lokacin da ambaliyar teku ta shiga tashar, akwai janaretocin da ruwan teku bai taɓa ba, amma allunan rabon wutarsu suna ƙasa, ruwa ya cinye su. Wanda ya tsira da allonsa, na rukuni na 6, shi ya ceci rukuni na 5 da na 6. A raba ɗakuna, a raba tsayi, a raba hanyar sanyaya, kuma a haɗa da allunan cikin lissafin.

Batir ne ke riƙe mitoci da na'urorin sarrafawa, galibi na awa 4 zuwa 8. A rukuni na 1 na Forsmark, 25 ga Yulin 2006, hauhawar ƙarfi bayan matsala a filin wayoyi masu kilobolt 400 ta kashe biyu cikin na'urori huɗu masu juya wutar batir, wato inbata, janareta biyu suka kasa haɗuwa, sai bayan minti 22 aka haɗa su da hannu. Saitin kariya ne bai jitu ba: kamata ya yi caja ta yanke kafin inbata. Mu nan kuma ga zafi. Ana ƙiyasta rayuwar batir a digiri 25, kuma kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana rage ta da rabi. Ɗakin batir marar sanyaya a Afrilun Sakkwato, da zafi ke haura 40, yana cinye shekarun batir tun mita na nuna cikakken bolt. Sai an sauke shi da kaya an auna lokaci ake sanin abin da ya rage.

Insuleta mai datti ita ma tana ɗauke layi. A tashar Maanshan ta Taiwan, a Maris 2001, hazo mai gishiri ya lulluɓe insuletoci, layukan waje suka faɗi, aka yi kusan awa biyu babu wutar famfunan tsaro. Namu gishirin ƙurar hunturu ce: busasshiya ba ta cika yin illa ba, amma yayyafin farko na jiƙa ta sai wuta ta bi ta kanta ta yi tartsatsi. A wanke insuletoci bayan hunturu, kafin ruwan farko na Mayu ko Yuni, a kuma canza duk wadda ta tsage ko da tsagin siriri ne.