Kafin Ku Ɗaga Kai Ku Kalli Benayen Kuala Lumpur, Ku Duba Fasfonku

Duk lokacin da jami'o'in Malesiya suka buɗe sabon zango, mu da muka daɗe a Kuala Lumpur mukan tarbi 'yan uwa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Bauci, jefi-jefi har da mutanen Yamai da Damagaram. Wasu karatu ya kawo su, wasu sarin kaya, wasu kuma yawon buɗe ido. Kusan dukkansu tambayoyinsu ɗaya ne: ina ake samun abincin halal, ina masallaci, yaushe za a kai su ganin tagwayen benaye. Waɗannan su ne mafi sauƙi a garin nan, kuma sauƙinsu ne yake sa baƙo ya saki jiki. Abin da ke kayar da mutanenmu biyu ne, takardun zama da gidan haya, shi ya sa a kansu zan fi daɗewa.

Tafiyar kanta ba ta da wuya. Babu jirgin da ke tasowa daga Najeriya kai tsaye, sai an yada zango a Doha ko Adis Ababa ko Istambul. Ku tabbata kun riƙo katin rigakafin cutar shawara, kuma allurar ta kwana goma kafin ranar tafiya, sannan ku cike takardar shiga ƙasa ta intanet da ake kira MDAC a cikin kwana uku kafin saukarku. Filin jirgin yana Sepang, sama da kilomita 50 kudu da gari. Jirgin ƙasa na KLIA Ekspres yakan kai mutum tashar KL Sentral cikin kimanin rabin awa, amma mai iyali da akwatuna ya fi masa sauƙi ya kira mota ta manhajar Grab. Ku sayi katin Touch 'n Go, da shi ake biyan kuɗin jirgin ƙasa da bas. Agogonsu yana gaban na Najeriya da awa bakwai, kuma a hannun hagu ake tuƙi, saboda haka mai tsallaka titi ya fara waiga dama.

Garin ya cancanci kallo, ba na musun wannan. Masu haƙar kuza ne suka kafa shi wajen 1857 a mahaɗar kogin Klang da kogin Gombak, inda Masjid Jamek yake tsaye tun 1909. Tagwayen benayen Petronas masu tsawon mita 452 sun riƙe kambun tsawo na duniya daga 1998 zuwa 2004, yanzu kuma ga benen Merdeka 118 mai mita 679, wanda Burj Khalifa na Dubai kaɗai ya fi shi tsawo. An kwashe yawancin ma'aikatun gwamnati zuwa Putrajaya, sabon birnin mulki, tun daga 1999, kuma layin dogon MRT da ya haɗa Putrajaya da tsakiyar birnin ya kammala buɗewa a 2023. Wanda ya bar garin shekara biyar, in ya dawo sai ya yi tambayar hanya. Mai kwana kaɗan ya je Masjid Negara, wato masallacin ƙasa, da dandalin Merdeka inda aka ɗaga tutar 'yanci ranar 31 ga Agusta 1957, ya fita da safe ya dawo kafin ruwan la'asar, don ruwan nan ba ya sallama.

Sallah da abinci ma ba matsala ba ne. Kusan kowane babban kanti da tashar jirgi yana da ɗakin sallah, shagunan abinci na Indiyawa Musulmi suna buɗe har tsakar dare, kuma kasuwar Chow Kit tana da nama da kifi da kuɓewa da dankali. Sai dai ku riƙa duba tambarin halal na JAKIM, hukumar addinin Musulunci ta ƙasar, domin akwai layuka kamar Jalan Alor inda naman alade da giya suke a fili. Mutanen ƙasar Shafi'awa ne, za ku ji ana bayyana bisimilla ana kuma yin alƙunutu a asuba, kada wani ya ɗauka ya zo gyara musu sallah. Malamanmu kuma su sani cewa karantar da addini a bainar jama'a ba tare da izinin hukumar addini ba laifi ne a dokarsu, komai zurfin karatun mutum.

To, mu zo kan takardu. Abu na farko da baƙo ya kamata ya gane shi ne bizar da aka buga masa a gida izinin zuwa bakin ƙofa ce kawai. Jami'in shige da fice na filin jirgi shi ne yake yanke ko za ka shiga, kuma kwanakin da ya rubuta a hatiminsa su ne kwanakinka, ko da bizar tana nuna wa'adi mai tsawo. Yana iya tambayar tikitin komawa da shaidar masauki da kuɗin guzuri, in amsa ba ta gamsar da shi ba a mayar da mutum a jirgi na gaba. Saboda haka kafin ka bar gaban teburinsa ka buɗe fasfo ka karanta ranar da aka rubuta, ka ɗauki hotonta, ka kuma shirya barin ƙasar kafin ranar, ba a ranar ba. Wuce wa'adi laifi ne a ƙarƙashin dokar shige da fice ta 1959/63, hukuncinsa tara mai nauyi ko ɗauri da zai iya kai shekara biyar, sannan a hana mutum sake shiga ƙasar na tsawon lokaci. Takardar ziyara ba ta halatta aiki ba, kuma duk wanda ya ce maka ka shigo da ita shi zai mayar maka da ita ta karatu ko ta aiki, kuɗinka yake so.

Ɗalibai hanyarsu daban ce. Makaranta ce take nema wa ɗalibi izini ta hannun EMGS, hukumar da ke kula da takardun ɗaliban waje, a ba shi takardar amincewa da ake kira VAL, da ita zai karɓi bizar shiga sau ɗaya. In ya sauka yana da kwana bakwai ya je gwajin lafiya a asibitin da hukumar ta amince da shi, daga nan ya miƙa fasfonsa ga ofishin ɗaliban waje na makaranta domin a manna masa takardar zama. Wannan jiran yakan ɗauki makonni, kuma a cikinsa mutum yake yawo ba fasfo a hannu, don haka ya riƙe kwafin fasfon da wasiƙar makaranta a aljihu duk inda za shi. Jami'an tsaro sukan tare baƙar fata su nemi takarda, wani lokaci a bakin gidansa ma. Mai takarda ya nuna ya wuce, wanda ya tsaya ɗaga murya yana cewa an yi masa wariya shi ne zai kwana a can ko da gaskiya ya faɗa.

Inda aka fi faɗuwa shi ne sabuntawa. Takardar zaman ɗalibi yawanci ta shekara ɗaya ce, kuma ana duba halartar aji, wadda ake so ta kai kashi 80 cikin 100, da sakamakon jarrabawa. A fara neman sabuntawa wata biyu zuwa uku kafin ta ƙare. Wanda ya makara sai ya koma neman takardar wucin gadi ta kwana talatin, yana biya yana safa da marwa tsakanin makaranta da ofishin shige da fice, karatun kuwa ya tsaya. Haka nan kada mutum ya taso da fasfon da ya kusa mutuwa yana cewa zai sabunta a nan, domin ba a manna takardar zama da ta wuce wa'adin fasfo, kuma sabunta fasfo daga ƙasar waje ba aikin kwana biyu ba ne. Aikin da doka ta yarje wa ɗalibi shi ne awa ashirin a mako a lokacin hutu, a wasu 'yan sana'o'i, shi ma sai da izini. Duk wanda ya taho da lissafin cewa zai yi aiki ya biya kuɗin makaranta, ya sake lissafi tun yana gida.

Na taɓa raka wani yaro da mahaifinsa ya sayar da gona ya ba wani dillali kuɗi. Da muka je adireshin kwalejin da aka ce ta ɗauke shi, sai muka tarar da ɗakuna uku a saman wani shagon gyaran taya, da allo a jikin ƙofa, da wata mata ɗaya a gaban kwamfuta wadda ba ta taɓa jin sunansa ba. Fasfonsa yana hannun dillalin, dillalin ya kashe waya, kwanakin yaron kuma sun riga sun ƙare. Karo-karo 'yan uwa suka yi aka biya tara aka sayi tikiti. Ga jami'o'i sanannu nan birjik, Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak wadda aka kafa a 1983, da Universiti Malaya a cikin gari, da Universiti Putra a Serdang, da Universiti Kebangsaan a Bangi, kuma kowacce ana neman gurbinta kai tsaye ta intanet. Ban san abin da ke sa mutum ya bar waɗannan ya miƙa wuyansa ga wanda ya haɗu da shi a WhatsApp ba. Fasfo kuwa kada ya bar hannunka sai zuwa ofishin makaranta ko na hukuma, kuma a ba ka shaidar karɓa.

Gidan haya shi ne ciwo na biyu, kuma gara a faɗa muku gaskiya tun yanzu: akwai masu gidaje da dama da ba sa ba ɗan Afirka haya. Za ku yi magana da dillali a waya komai ya tafi daidai, da zarar ya tambayi ƙasarku sai ya ce an riga an kama gidan. An taɓa samun rukunin gidajen da suka rataya ƙyalle a ƙofa suna hana ba 'yan Afirka haya. Wani ɓangare na wannan wariya ce tsagwaronta, wani ɓangare kuma sunan da 'yan damfara suka ɓata mana ne. Dabarar da muka ga tana aiki ita ce mutum ya faɗi ƙasarsa a saƙon farko, ya haɗa da wasiƙar makaranta, kada ya ɓata kuɗin mota a banza. Mafi sauƙi kuma shi ne ya gaji gidan ɗan uwan da ya gama karatu, wanda zai gabatar da shi ga mai gidan.

Al'adar biya a nan ta bambanta da ta gida. Ba a biyan shekara, wata-wata ake biya, amma kafin a ba da makulli ana karɓar ajiyar wata biyu, da hayar wata ɗaya, da rabin wata na ajiyar wuta da ruwa. Gidan ringgit 1,500 a wata (ringgit shi ne kuɗin ƙasar) ke nan sai an ajiye 5,250, ban da kuɗin rubuta yarjejeniya da na katin shiga ƙofa. Kada a tura ko sisi kafin a ga gidan da ido. A karanta yarjejeniyar layi-layi, musamman abin da ta ce game da fita kafin wa'adi, domin yawanci ajiyar ce take tafiya, kuma a tabbata an buga mata hatimin hukumar haraji, don yarjejeniyar da ba ta da hatimi ba ta da ƙarfi a gaban alƙali sai an biya tara an gyara. Masu kama ɗaki a hannun wani ɗan haya ba tare da sanin mai gida ba su sani cewa ranar da wancan ya gudu da kuɗin haya, su za a fitar wa da kaya.

Ranar da kuka karɓi makulli, kafin ku shigar da akwati, ku ɗauki hoton kowane lungu: bango, labule, katifa, bayan firji, ƙarƙashin wurin wanke-wanke, da lambar mitar wuta da ta ruwa, ku tura wa mai gidan domin kwanan watan ya zauna. Wata mai gida da na zauna a gidanta, mutuniyar kirki a duk tsawon zamanmu, ranar fita ta zo da tocila a hannu da rana tsaka. Ta haska bayan kabad ta nuna mini baƙin danshi da damina ta jawo, ta shafa yatsa a saman na'urar sanyaya ɗaki, ta tambayi rasitin wankinta na kowane wata shida, wanda yarjejeniyar ta ɗora a kan ɗan haya. Rasitan suna nan, hotunan ranar shiga suna nan, amma duk da haka sai da ta zaftare kuɗin fenti, sauran kuma ya iso bayan dogon naci. Wanda ba shi da hoto ko rasit yakan tashi ba ko kwabo, musamman in an san jirginsa jibi ne.

Magana ɗaya ta rage wadda ba a wasa da ita. Kada ka ɗauko wa kowa saƙon da ba ka buɗe ka gani ba, ko ɗan uwanka ne, ko an ce yaji ne da kuka. Dokar miyagun ƙwayoyi ta 1952 tana nan, kuma gyaran da aka yi a 2023 ya cire tilascin hukuncin kisa ne kawai, har yanzu alƙali yana da ikon yanke shi. Haka nan kada ka ba kowa aron asusunka na banki a karɓi kuɗi da shi, domin in kuɗin damfara ne sunanka 'yan sanda za su gani.

Jama'armu a nan abin alfahari ce. Akwai malaman jami'o'in Arewa da dama da suka yi digirin digirgir a ƙasar nan suka koma suna koyarwa, kuma har yau in an yi haihuwa ko rasuwa ko ɗaya ya shiga hannu, kafin magariba an taru. Abin da muke roƙon mai zuwa shi ne ya nemi ƙungiyar ɗaliban Najeriya ta makarantarsa tun kafin ya sayi tikiti, ya turo takardar ɗaukarsa a duba masa, ya kuma faɗi ranar saukarsa domin a samu mai tarbarsa a KL Sentral.