Yadda ake gane kaurin ƙafar tirepiye da ajinsa kafin a biya kuɗi

Tirepiyen farko da na saya a Garwa, wato abin nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara a kai, a jikin kwalinsa an rubuta wai yana ɗaukar kilo 15. Kyamarata da dogon lens ɗinta, wanda a nan muke ce wa objektif, ba su cika kilo 3 ba, don haka na biya ina murna. Ranar hawan sallah na kafa shi a gefen fili, na ja zum don in kamo mahayan daga nesa. Iska ce kawai ta ɗan kaɗa, ba wani hadari ba, amma da na koma gida na duba aikin sai na ga hoton yana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Da na koma wurin mai shagon, sai ya ce: "To Malam, ya karye ne?" Na ce: "A'a Alhaji, bai karye ba." Ya ce: "To ka ga ke nan ya ɗauka."

Kuma gaskiyarsa. Kilon da ake rubutawa, kowane kamfani da yadda yake auna nasa, babu wani ma'auni ɗaya da ya ɗaure su. Ɗaukar kaya daban, tsayawa cik daban. Abin da ya fi nuna maka ko tirepiye zai tsaya shi ne kaurin bututun ƙafarsa, kuma wannan kai da kanka za ka iya auna shi a tsaye a cikin shago.

Da farko, ka san wace gaɓa ake nufi

Ƙafar tirepiye gaɓa-gaɓa ce kamar rake, sai dai kowace gaɓa tana shigewa cikin ta samanta. Idan aka ce tirepiye mai milimita 28, ana nufin faɗin gaɓar sama, wadda ta fi kowace kauri, daga wannan gefe zuwa wancan ta waje. A kan wannan gaɓa ake raba aji.

Sai awo

In kana da aboki makanike ko mai walda, ari ma'aunin nan mai baki kamar filaya da suke ce wa piye-a-kulis. Ka matse shi a tsirarar gaɓar sama ka karanta. In babu, tef ɗin tela ya isa, ko ma zare. Ka naɗa shi sau ɗaya a jikin bututun, ka ga tsawon kewayen, ka raba da 3.14. Don kada ka tsaya lissafi mai shago yana kallonka, riƙe waɗannan: kewayen milimita 63 yana nufin kauri 20, kewayen 75 kauri 24, kewayen 88 kauri 28, santimita 10 cif kusan 32 ke nan, kewayen 126 kuma kauri 40.

Kada ka auna a kan soson nan ko robar da ake naɗa wa ƙafa don riƙo. Na sha ganin tirepiye mai ƙiba a ido, ana zame soson sai ga ƙafa kamar ta balbela.

Yanzu ka sa shi a ajinsa

Wannan rabon aji da lamba, kamfanin Gitzo ne ya shahara da shi. An kafa shi a Faransa a 1917, yanzu kuma a Italiya ake ƙera kayansa. A tsohon lissafinsu, aji 0 kusan milimita 20 ne, aji 1 kuwa 24, aji 2 yana da 28, aji 3 yana da 32, aji 4 kusan 37, aji 5 kusan 41. Sababbin nasu na kabon, wato wani abu mara nauyi da ake ƙera bututun da shi maimakon alminiyom, sun ɗan ƙara: aji 1 ya zama 25.3, aji 2 ya zama 29, aji 3 kuma 32.9. Sunan kayan ma yana faɗa maka komai in ka iya karanta shi. A GT2542, lamba 2 ta farko aji ce, 5 na nufin kabon, 4 yawan gaɓoɓi, ta ƙarshe kuma zubin fitowa.

Ba don za ka ci karo da Gitzo a kasuwar Garwa ko ta Marwa na kawo wannan ba, kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancinmu. Na kawo shi ne don wasu kamfanoni sun ari salon, kuma a nan ruɗanin yake. Leofoto na Sin ya sauƙaƙa: LS-284C na nufin milimita 28, gaɓa 4, kabon, LS-324C kuma milimita 32. Manfrotto ba ruwansa da wannan lissafi, nasa 190 ne da 055. Na alminiyom mai gaɓa uku a gidan 190 yana da milimita 26 a sama, na 055 kuma 30. Kamfanin Really Right Stuff na Amurka shi ma yana cewa aji 2 da aji 3, amma nasa aji 3 ya fi na Gitzo kauri, ya kusa aji 4 na Gitzo. Kayan da ba su da suna kuwa, waɗanda suka fi yawa a wurinmu, duk abin da mai bugun kwali ya ga dama shi yake rubutawa. Saboda haka in an ce maka aji kaza, ka tambaya: milimita nawa?

Me ya sa milimita 4 kacal take da daraja haka?

A nan nake so ka ɗan tsaya. Mutum zai ga 28 da 32 ya ce ai duk ɗaya ne. A bututu mai siririyar fata, ƙin lanƙwasawa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da faɗi. Sai an buga faɗin a kansa sau uku. Idan ƙarfen iri ɗaya ne, kaurin fatar bututun ma ɗaya, mai 32 ya fi mai 28 tauri da kusan rabi. Mai 28 ya fi mai 24 da kusan kashi 60 cikin 100. In ka haɗa 32 da 24 kuwa, tazarar ta wuce ninki biyu. Duk wanda ya taɓa kafa rumfa da bututun ƙarfe ya san haka ko bai yi lissafi ba: siriri iska ke wasa da shi, mai faɗi ko da jikinsa ba kauri yana tsayawa.

Tsawo kuma abokin gābar tauri ne. Ƙafa tana ƙara tsawo, tana ƙara laushi da sauri. Shi ya sa ɗan gajeren tirepiye mai milimita 22 yana iya tsayawa kamar duwatsun murhu, amma dogo mai wannan kauri, wanda ya kai idon mutum a tsaye, yakan yi ta lilo.

Dogon lens shi ke tona asiri. A lens, milimita ba kauri take nufi ba, ƙarfin jawo nesa kusa ne: motsin da ba za ka gani ba a lens mai milimita 24, a na 200 ya ninku kusan sau takwas.

Duba gaɓar ƙasa, ita ake ɓoyewa

Kowace gaɓa tana raguwa da milimita 3 zuwa 4 daga ta samanta. Mai 28 da gaɓa huɗu zai ƙare a wajen 16 zuwa 19. Mai 22 da gaɓa biyar kuwa, lissafa: 22, 19, 16, 13, 10. Milimita 10 da kaɗan ta fi biro. A kan wannan biro uku za ka ɗora kyamarar da ka yi shekara kana tara kuɗinta.

A ganina, in gaɓar ƙasa ta gaza milimita 16, tirepiyen na waya ne ko ƙaramar kyamara a cikin ɗaki. Gaɓa uku ta fi huɗu tsayawa saboda mahaɗanta kaɗan ne, kuma kowace mahaɗa wurin wasa ce. Amma mai gaɓa uku in an naɗe shi dogo ne, duk wanda ya taɓa goya shi a bayan mashin daga wannan gidan biki zuwa wancan ya san wahalarsa. Ni gaɓa huɗu nake ɗauka. Biyar, sai in kyauta aka ba ni.

Daidaita aji da aikinka

Mai ɗaukar bidiyon TikTok da waya, ko wa'azi a zaure, milimita 20 zuwa 24 ta ishe shi. Mai aikin biki da suna da kyamara da zum madaidaici, ya nemi 28. Wannan shi ne jakin aiki, kuma da ɗaya kawai zan mallaka, shi zan zaɓa. Wanda ke ɗaukar hawa, ko ƙwallo a filin Roumdé Adjia, ko mai zuwa dajin Waza neman raƙuman dawa da lens mai 300 ko 400, kada ya sauko ƙasa da 32. Daga 37 zuwa sama na manyan lens ne masu 500 da 600, da manyan kyamarorin talabijin, kuma mai shi yana bukatar yaro mai ɗauka.

Masu bidiyo su lura: tirepiyensu da yawa ƙafarsa tagwayen bututu ce, don haka ba da kaurin bututu ɗaya ake raba su ba. Ana duba kwanon da kan tirepiyen, wato abin da ke riƙe kyamara yana juya ta, ke zama a ciki, mai milimita 75 ko mai 100. Ga na hoto kuma, ka tabbata kusar da ke saman tirepiyen ta dace da kan da kake da shi. Yawanci mai inci 3/8 ce, ta gindin kyamara kuma 1/4.

Batun kabon da alminiyom: a kauri ɗaya kabon ya fi sauƙin ɗauka, kuma girgiza ta fi saurin mutuwa a jikinsa. A zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, alminiyom ɗin da ya yi awa ɗaya a rana sai da ƙyalle ake taɓa shi. Duk da haka, in kuɗinka ya tsaya tsakanin siririn kabon mai 22 da alminiyom mai 30, ɗauki alminiyom ka haƙura da nauyin.

Gwaji kafin biya

Gani ya kori ji. Ka je da kyamararka da lens mafi tsawo da kake da shi. Zare dukkan gaɓoɓin, buɗe ƙafafun, ka bar sandar tsakiya, wadda ake ɗagawa don ƙara tsayi, a ƙasa. Riƙe saman tirepiyen da hannu biyu ka ɗan murɗa shi hagu da dama kamar sitiyari. In ya biyo ka da sauƙi, to ko bututun siriri ne, ko maƙullan gaɓoɓin suna da sako-sako, ko kuma wurin da ƙafafu uku suka haɗu roba ce. Kauri ba ya gyara mummunar mahaɗa.

Sannan ka ɗora kyamarar, ka ja zum har ƙarshe a kan wani rubutu a tsallaken titi, ka ƙara girman hoton a allo. Ɗan ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya da yatsa, ka ƙirga. Mai kyau zai natsu kafin ka kai biyu. Nawa na farko, da na gwada shi daga baya, sai da na kai biyar.

Ka kuma duba tsayinsa ba tare da ɗaga sandar tsakiya ba, domin tsayin da ke kan kwali sau da yawa har da ita aka haɗa. Da zarar ka ɗaga ta, kyamararka ta koma tsaye a kan ƙafa ɗaya.

In ka riga ka sayi siriri kamar yadda na yi, ba sai ka yar ba. Fara zare gaɓoɓin sama masu kauri, ka bar ta ƙasa a ciki sai in dole. Rataya jaka a ƙugiyar tsakiya, amma ta taɓa ƙasa don kada iska ta mai da ita lilo. A rairayin bakin Binuwai kuwa, ka zaro gaɓar ƙasa kamar taƙi ɗaya, ita ta shiga yashin, maƙullan su tsira. In hunturu ya wuce, ka kwance su ɗaya bayan ɗaya ka goge ƙurar da tsohon buroshin haƙori, kana lura da ƙananan robobin ciki, domin in ɗaya ta ɓace samun irinta a nan aiki ne.