Yadda ake zaga Tafkin Como a jirgin ruwa don ganin tsoffin gidajen alfarma

Duk wanda ya bi bakin Tafkin Como a mota, mafi yawan abin da zai gani katanga ce da ƙofofin ƙarfe a rufe. Ba da gangan aka yi don a ɓata masa rai ba. Kadinaloli, wato manyan limaman cocin Katolika, da 'ya'yan sarauta da attajiran Milan da suka gina gidajen nan ɗaruruwan shekaru da suka wuce ta ruwa suke zuwa, ta ruwa baƙinsu ke isowa, saboda haka fuskar gida da matakalarsa da lambunsa duk ruwa suke kallo, hanya kuwa sai ƙeya aka ba ta. Shi ya sa jirgin ruwa a nan shi ne ainihin yawon, ba abin hawa kawai ba.

Tafkin yana yankin Lombardiya a arewacin Italiya, dab da iyakar Suwizalan. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 146, zurfinsa a wani wurin ya haura mita 400. Siffarsa kamar gwafa ce a kife: reshe ɗaya ya gangara birnin Como, ɗaya ya gangara Lecco, na ukun ya miƙe arewa zuwa Colico. Garin Bellagio yana daidai inda rassan suka haɗu. Riƙe wannan siffa a ka, don duk lissafin tafiyar a kanta yake.

Mataki na 1: Zaɓi lokaci da rana

Daga tsakiyar Afrilu zuwa Yuni, sai kuma Satumba zuwa farkon Oktoba, su ne lokutan da suka fi daɗi. A Afrilu da Mayu furannin lambuna ke buɗewa. Yuli da Agusta akwai zafi da cinkoso, musamman kusa da 15 ga Agusta, ranar babban hutun Italiyawa, lokacin da layin tikiti kan cinye wa mutum hantsi guda. Da hunturu jirage kan ragu ƙwarai, yawancin lambuna kuma a rufe suke.

Ranar mako ma abin dubawa ce. Gidan Villa del Balbianello da ke garin Lenno, wanda kusan kowa ke son shiga, ba ya buɗewa ranakun Litinin da Laraba. Mutane da yawa sai sun isa Lenno suke jin wannan labari.

Mataki na 2: Yanke shawarar ta inda za ka shiga tafkin

Daga Milan ƙofa biyu ce. Ta farko ita ce birnin Como: jirgin ƙasa daga tashar Milano Cadorna yana sauke ka a Como Lago cikin kamar awa ɗaya, 'yan taku kaɗan daga bakin ruwa. Wanda ya taso daga Milano Centrale kuma yana tsayawa a Como San Giovanni, daga can sai ka taka kamar minti 15. Ƙofa ta biyu ita ce Varenna, ita ma kamar awa ɗaya daga Milano Centrale, kuma tana jefa ka tsakiyar tafkin kai tsaye.

Shawarata ita ce ka shiga ta Como, ka fita ta Varenna. Ta haka ba za ka maimaita hanya ba, kuma rana za ta yi maka aiki: da safe haskenta yana kan gaɓar yamma inda manyan gidajen suke jere, da la'asar kuma yana komawa kan Varenna a gaɓar gabas. In tikitin jirgin ƙasan na takarda ne, ka buga shi a 'yar na'urar da ke tasha kafin ka hau, don ana cin tara.

Mataki na 3: San jiragen kafin ka tsaya a layi

Hukumar Navigazione Laghi ce ke tafiyar da jiragen haya na jama'a, kuma iri uku ne. Akwai battello, jirgin da ke tafiya a hankali yana tsayawa gari-gari. Daga Como zuwa Bellagio yakan ɗauki awa biyu ko fiye. Akwai mai sauri, wanda ke yin tafiyar nan cikin kamar minti 45, amma sai an biya ƙarin kuɗi, kuma a ciki za ka zauna bayan gilashi, ruwa na fantsamowa, gidaje na wucewa kafin ka ɗaga waya. Na uku shi ne traghetto, jirgin fito mai ɗaukar motoci da mutane, wanda ke kai da komo tsakanin Varenna, Bellagio, Menaggio da Cadenabbia.

Mai sauri na wanda ke gudun makara ne. Kai da ka zo kallo, hau mai tafiya a hankali a zuwa, ka ajiye mai sauri don ranar da lissafi ya ƙwace maka. Idan ka yi sa'a jadawali ya haɗa ka da Concordia, jirgin tururi mai filafilai a gefe da aka ƙera a 1926, kada ka bari ya wuce ka.

Ana kuma samun ƙananan jiragen katako na shata, masu direba, waɗanda ake biya da awa. Suna kai ka dab da matakalar gidajen, suna tsayawa inda ka ce, amma kuɗinsu ya ninka na jirgin haya sau da yawa. Sai dai in ku ƙungiya ne ku yi karo-karo. Dokar Italiya ta kuma yarda mutum ya yi hayar ƙaramin jirgi ya tuƙa da kansa ba tare da lasisi ba in injin bai wuce ƙarfin doki 40 ba. Wanda bai saba da ruwa ba ya yi hattara da wannan. Da safe iska mai suna Tivano ce ke busowa daga arewa, ba ta cika tsanani ba, amma daga azahar Breva kan taso daga kudu ta tayar da igiyar ruwa, ga kuma manyan jirage da ba za su kauce maka ba.

Mataki na 4: Karanta jadawali daga ƙarshe zuwa farko

Nan ne yawancin baƙi ke tuntuɓe. Sauke jadawalin daga shafin hukumar tun daren jiya, ka tabbata na kakar da ake ciki ne, don yana canzawa tsakanin bazara da kaka. Abin da za ka fara nema shi ne jirgin ƙarshe da zai kai ka inda za ka kama jirgin ƙasa. Rubuta lokacinsa, sannan ka ɗauki wanda ke tashi kafinsa a matsayin naka. Daga nan ka riƙa lissafi da baya har zuwa safiya. Lura da ƙananan alamomi a saman kowane layi: feriali na nufin ranakun aiki, festivi kuma Lahadi da ranakun hutu. Ba kowane jirgi ke tsayawa a kowane gari ba.

Game da tikiti, idan za ka yi ta hawa da sauka a tsakiyar tafkin, sayi na yini guda na yankin Centro Lago. Ya fi sayen ɗai-ɗai arha, kuma ya raba ka da komawa layi. Bai haɗa da ƙarin kuɗin mai sauri ba. A lokacin cinkoso ka isa bakin jirgi aƙalla rabin awa kafin tashi, domin idan ya cika rufe ƙofa ake yi, ko da tikitinka a hannu.

Mataki na 5: Kama wurin zama, ka buɗe ido

Daga Como, nemi sararin waje ta hagu. Jirgin yana ƙetarawa daga wannan gaɓa zuwa waccan, amma kaso mafi tsoka na hagu ne. Riƙe rigar sanyi mara nauyi ko da ana rana, iskar kan ruwa daban take.

Da tashi za ka hangi Villa Olmo, dogon gini na ƙarshen ƙarni na 18 da dangin Odescalchi suka gina. Sai Cernobbio, inda Villa d'Este take: an gina ta a 1568 don Kadinal Tolomeo Gallio, Gimbiya Caroline matar yariman Ingila ta zauna a ciki daga 1815, ta koma otal a 1873. Daga nan ka juya dama. Bayan Torno, a wani lungu mai inuwa a gindin dutse, akwai Villa Pliniana ta 1573, wadda aka gina a kan wani marmaro mai ƙaruwa da raguwa sau da dama a yini. Pliny Ƙarami, marubucin zamanin Rumawa ɗan asalin Como, ya yi rubutu a kansa kusan shekaru 2,000 da suka wuce. Ni a ganina ita ce ta fi duka kwarjini, ko da yake ba ta da ƙyalli. A Laglio za ka ji mutane sun miƙe suna nuna Villa Oleandra, gidan da ɗan fim ɗin Amurka George Clooney ya saya a 2002. Gida ne mai kyau, amma da ba don sunan mai shi ba, da ba wanda zai bar kujerarsa. A Nesso ka leƙa tsagin dutsen da ruwa ke zubowa ƙarƙashin tsohuwar gada. Can gaba sai Isola Comacina, tsibiri ɗaya tilo a tafkin, wanda mayaƙan Como suka rusa a 1169.

Mataki na 6: Shiga gida biyu, kada ka wuce haka

Ruwan ido shi ke ɓata yinin. Kowane gida yana cin awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ban da jiran jirgi. Biyu sun isa.

Na farko, Balbianello. Sauka a Lenno, sannan ko dai ka taka kamar kilomita ɗaya ta cikin kurmi da 'yar hawa, ko ka biya ƙaramin jirgin da ke tashi daga bakin ruwan garin. Zaɓi jirgin, aƙalla a zuwa, don ka shiga ta matakalar da aka yi wa baƙi. Kadinal Angelo Maria Durini ne ya gina gidan a 1787 a kan kufan wani gidan ibada, a bisa wani tsinin ƙasa da ruwa ya kewaye ta gefe uku. Mai shi na ƙarshe, Guido Monzino, attajiri ne mai son kasada: ya kai Ƙuryar Arewa ta duniya a 1971, ya jagoranci ayarin Italiyawa na farko da ya hau Dutsen Everest a 1973. Da ya rasu a 1988 ya bar gidan ga gidauniyar FAI mai kula da kayan tarihi. Kayan tafiye-tafiyensa suna ciki, amma sai da ɗan jagora ake shiga ɗakunan, kuma gurbin kan ƙare, don haka ka yi rajista ta intanet tun da kwanaki. Ko lambun kaɗai ka samu, ba ka yi asara ba. Tsaya a rumfar nan mai baka uku da ke saman tudu, ka ga ruwa ta gaba da ta baya.

Na biyu, Villa Carlotta a Tremezzo, tafiyar 'yan mintuna daga Lenno. Dangin Clerici na Milan suka fara ta a ƙarshen ƙarni na 17, Giovanni Battista Sommariva ya saye ta a 1801 ya cika ta da sassaƙe-sassaƙen marmara, ciki har da aikin shahararren masassaƙi Canova. Sunan da take amsawa yau na Gimbiya Charlotte ce ta Prussia, wadda mahaifiyarta ta ba ta gidan kyautar aure. Lambun ya kai kusan hekta 8, kuma hawa ne, saboda haka takalmi mai taushi ya zama dole.

Idan Litinin ce ko Laraba, musanya Balbianello da lambun Villa Melzi a Bellagio, wanda aka gina tsakanin 1808 da 1810 don Francesco Melzi d'Eril, mataimakin Napoleon a Jamhuriyar Italiya. Shimfiɗaɗɗe ne a bakin ruwa, ya dace da mai tafiya da dattawa ko yara. Cikin gidan ba a shiga.

Mataki na 7: Abinci da salla

Bellagio ta fi ko'ina tsada da cunkoso da rana tsaka; Lenno da Tremezzo sun fi sauƙi. Kifin tafkin shi ne abincin wurin, musamman shinkafar risotto da soyayyen kifi a kai, da kuma missoltini, busasshen kifi mai gishiri da ake ci da tuwon masararsu. Sai dai akan zuba giya a risotto yayin dafawa, yankakken naman da ake kawowa a faranti kafin abinci kuma galibi na alade ne. Tambaya ba laifi ba ce: senza vino, senza maiale, wato ban da giya, ban da alade. Ba za ka sami masallaci a waɗannan ƙananan garuruwa cikin sauƙi ba, don haka riƙe 'yar darduma, ka yi amfani da rangwamen matafiyi, ka nemi gefe mai natsuwa a wurin shaƙatawa na jama'a. Akwai banɗaki a manyan jiragen da cikin gidajen da aka biya kuɗin shiga.

Mataki na 8: Fita ta Varenna

Daga Tremezzo ko Cadenabbia ƙetara zuwa Bellagio, ka ɗan hau matakalun kasuwarta in akwai lokaci, sannan ka kama jirgin fito zuwa Varenna, tafiyar kamar minti 15. In ƙafa ba ta gaji ba, lambun Villa Monastero yana miƙe siriri a bakin ruwa kusan kilomita 2. Tsohon gidan mata masu ibada ne, kuma a nan masanin kimiyya Enrico Fermi ya ba da darussa a 1954. Daga bakin jirgi zuwa tashar Varenna-Esino hawa ne na kamar minti 10, ka sa shi cikin lissafi.

Idan jirgin ƙarshe ya kuɓuce maka a ɗaya gefen, akwai bas: C30 tana zuwa Como daga Bellagio, C10 kuma tana bi ta Menaggio, Tremezzo da Lenno. Hanyar siririya ce mai yawan kwana, bas ɗin kan cika da yamma, kuma gara ka sayi tikitinta a shagon taba ko na jarida tun da rana kafin su rufe.